Za mu je gandun dajin Mole daga Kumasi: me za mu tarar, me za mu riƙe?

Ɗan Aboabo

Assalamu alaikum jama'a. Muna shirin zuwa gandun dajin Mole da ke arewacin Ghana daga nan Kumasi, mu shida: ni da maiɗakina, yara biyu (mai shekara 6 da mai 12), ƙanena, sai Baba wanda ya haura 65 kuma yana shan maganin hawan jini. Kwana biyu ko uku muke so mu yi. Wane wata ya fi dacewa? Yaran sun ƙwallafa rai a kan zaki da raƙumin dawa saboda abin da suke gani a talabijin, shin za su gani? Motarmu ƙarama ce, za ta kai mu? An kuma ce ana shiga dajin da ƙafa alhali ga giwaye, wannan ya ɗan tsorata maiɗakina. Waɗanda suka san wurin su taimaka mana da bayani dalla-dalla. Allah ya saka da alheri.

Baban Tafo

Wa alaikumus salam, ɗana. Fara da gyara wa yaran zato tun a gida, don kada su isa can su yi ta kuka. Babu raƙumin dawa a Mole, babu jakin dawa, babu karkanda. Abin da talabijin ke nunawa galibi Serengeti ne na Tanzaniya ko Masai Mara na Kenya, inda fili yake fetal, ciyawa gajera, ido na kaiwa nesa. Mole dajin itatuwa ne: kaɗanya, ɗorawa, kuka jefi-jefi, da doguwar ciyawa da kan fi mutum tsayi a ƙarshen damina. Zaki kuwa, ko da sunansa na cikin jerin dabbobin gandun, kada wanda ya sa ran ganinsa. Damisa da kura da dare suke yawo, sawunsu aka fi gani.

Abin da za ku gani, da yardar Allah: giwa, maraya garke-garke, gwambaza, mazo, mugun dawa yana kiwo a durƙushe har bakin ɗakunan kwana, gwaggon biri, jan biri, kada a cikin tafki, zabin daji, da burtu. Gwanki da kanki da ɓauna suna nan, amma sun fi zama can ciki, sai an yi tafiyar mota mai nisa. Tsuntsaye sun haura iri 300.

Gandun ya fi murabba'in kilomita 4,500, shi ne mafi girma a Ghana. An keɓe wurin a 1958, ya zama gandun ƙasa a 1971, kuma sashen kula da namun daji na hukumar gandun daji ne ke tafiyar da shi. Na kawo girman ne don ka gane abu ɗaya: baƙo ɗan kusurwar kudu kawai yake zagawa. Dabbobin ba a ɗaure suke ba, ruwa ne ke kawo su kusa da mutane. Shi ya sa wata yake da muhimmanci. Da damina, daga Mayu zuwa Oktoba, ko'ina akwai kududdufi, giwaye su watsu cikin daji, ciyawa ta rufe komai. Daga Disamba zuwa Afrilu ƙananan ruwaye sun ƙafe, an ƙone ciyawa a wurare da yawa, ita kuwa babbar giwa tana shan ruwa fiye da lita 100 a yini, dole ta zo tafki. Masaukin Mole Motel a kan tudu yake, ga tafkuna a ƙasansa, mutum na zaune sai ya hango su sun sauko wanka. A ganina Fabrairu da Maris sun fi kowane lokaci samun giwa.

Yanzu maganar tafiyar ƙafa. Gaskiya ne, kuma ita ce abin da Mole ya fi gandaye da yawa da shi. Ana fita sau biyu: wajen ƙarfe 7 na safe da wajen 3:30 na yamma, kowace fita kamar awa biyu. Ba a shiga sai da ma'aikacin gandu mai bindiga. Ta safe ta fi, don da rana ta take dabbobi kan shige inuwa. Ku isa ofishin kafin lokaci, a rubuta sunayenku, a haɗa ku rukuni. Ba a yarda da silifa ko takalmi buɗaɗɗe ba, sai rufaffe. Ana sauka daga tudun ta gangare mai duwatsu, hawowa kuma ita ce wahalar, don a lokacin rana ta fara zafi.

Dokokin ba yawa, amma kowace da dalilinta. Giwa ba ta da ƙarfin gani sosai, hanci da kunne ne makamanta. Ma'aikacin zai riƙa duba inda iska ke kaɗawa, wani lokaci ya shuri ƙura da ƙafa ya ga inda ta nufa, ya zagaya da ku ta yadda iskar za ta taso daga giwa zuwa gare ku. Saboda haka a bar turare mai ƙarfi a ɗaki, a kashe ƙarar waya, a yi magana ƙasa-ƙasa. Ana tafiya a layi ɗaya bayansa, ba mai wuce shi, ba mai ratsewa don ɗaukar hoto. Tazarar da ake so kamar mita 50 ce, in ya ce a tsaya nan, to nan ne. In giwa ta buɗe kunnuwa, ta ɗaga kai, ta girgiza shi ko ta watsa ƙasa da ƙafa, gargaɗi take yi: kun matso da yawa. A ja da baya a hankali tare, a taru wuri ɗaya. Kada kowa ya kwasa da gudu sai in ma'aikacin ne ya ce, domin giwa ta fi mutum gudu, kuma wanda ya ware shi ke jan hankalinta. Biyu ne ake ba hanya da nisa: uwa mai ɗa, da toron da ya shiga lokacin barbara. Shi ana gane shi da wani ruwa mai maiƙo da ke zubowa tsakanin idonsa da kunnensa, fitsari kuma na ɗiga yana jiƙa ƙafafunsa na baya. Ɓauna namiji da ke yawo shi kaɗai ma abin kiyayewa ne.

Ka ce wa yaran su roƙi ma'aikacin ya nuna musu sawu. In aka auna kewayen sawun ƙafar gaba ta giwa aka ninka biyu, an sami kusan tsayinta daga ƙasa zuwa kafaɗa. Kashinta kuma in da ɗumi a cikinsa, ba ta yi nisa ba. Irin wannan karatun daji shi ne rabin daɗin tafiyar, musamman ranar da giwa ta ƙi fitowa, kuma irin wannan ranar tana faruwa ko da rani. Don haka kwana biyu ne mafi ƙaranci, ku sami fita uku ko huɗu.

Direban Alabar

Sannu da ƙoƙari Baba. Ni bari in ɗauki maganar hanya da mota.

Yaya, daga Kumasi kusan kilomita 400 ne. Hanyar da aka fi bi: Techiman, Kintampo, a haye gadar Buipe, a kai mararrabar Fufulso, nan a bar titin Tamale a yi hagu zuwa Damongo, sai Larabanga, daga nan 'yan kilomitoci ne zuwa ƙofar gandun. Akwai ta biyu ta Wenchi, Bamboi, Bole, Sawla, a shigo Larabanga ta yamma. Da tsayawa salla da cin abinci, ka lissafa awa 7 zuwa 8. Ku tashi da an idar da Asuba, don cunkoson unguwar Suame a Kumasi kaɗai kan ci awa guda in gari ya waye. Dalili na biyu, ƙofar gandun ba ta kwana a buɗe, kuma tsakanin Kintampo da Buipe ba hanyar dare ba ce: manyan motocin Burkina kan lalace a kan titi ba alama, shanu na tsallakawa, ga ƙauyuka cike da tudun rage gudu da ba a shafa musu fenti ba. Ku yi nufin isa kafin La'asar ta yi sanyi.

Ƙaramar mota za ta kai ku har masauki, titin Fufulso zuwa Sawla kwalta ne. Amma ku shida da kaya a ƙaramar mota, nauyin zai sa cikinta ya riƙa bugun tudun nan, ku duba ko za ku sami mai kujeru bakwai. Cikin daji kuwa kada ka shiga da ita ko kusa. Hanyoyin ciki jan burji ne da ramuka da kwazazzabai. A ofishin gandun akwai motocin haya masu kujeru a sama, kuɗinsu da awa ne, ana raba shi tsakanin waɗanda suka hau, kuɗin ma'aikaci kuma daban. Ku shida kun kusa cika mota ɗaya, ya fi muku sauƙi.

Wanda zai shiga da tasa mai jan ƙafa huɗu, an yarda, amma sai ma'aikaci ya zauna a ciki. Ga abubuwan da ke kayar da mota a can. 'Ya'yan busasshiyar ciyawa kan toshe gaban lagireto, iska ta daina ratsawa, inji ya ɗau zafi. A riƙa duba allurar zafi, a tsaya a kakkaɓe da buroshi, kuma kada a buɗe murfin lagireto yana tafasa. Ciyawa kan naɗe a jikin salansa, in aka tsaya a kan busasshiyar ciyawa tana iya kamawa da wuta, don haka a tsaya a fili, a leƙa ƙasan mota. Kututturen da gobara ta bari yana da tsini kamar mashi, gefen taya yake yagawa, irin yagar da faci ba ya kamawa; safaya ɗaya mai kyau dole ce, biyu sun fi, da jak da katakon da za a ɗora shi a kan yashi. Girgizar burji kan kwance kan batir, mota ta ƙi tashi a zaci babban abu ne, alhali sifana mai lamba 10 ce maganinta. Da hunturu kuma ƙura na cika matatar iska, a cire a kakkaɓe kafin a juyo.

Ku cika tanki a Kintampo, ku ƙara a Damongo, babu gidan mai a cikin gandun. Ku riƙe tsabar sidi, don sabis na waya yana zuwa yana ɗaukewa, momo (tura kuɗi ta waya) kan maƙale a lokacin da ake buƙatarsa. Kowa ya zo da Ghana Card ɗinsa, yara da katin makaranta, domin kuɗin shiga na ɗan ƙasa daban ne da na baƙo. Ku kama ɗaki tun kafin ku taso, musamman lokacin hutun Disamba da na Ista. Ban da Mole Motel akwai Zaina Lodge mai tsada a cikin gandun, akwai kuma ƙananan masaukai a Larabanga da Damongo, sai dai mai kwana a waje dole ya yi sammako don ya riski fitar ƙarfe 7.

'Yan Akra da ke karantawa: jirgi zuwa Tamale kamar awa ɗaya ne, daga can kusan kilomita 150 a mota. Marar mota kuma ya hau bas ɗin Tamale zuwa Wa, ya sauka a Larabanga, ya ɗauki babur.

Hajiyar Asawase

Baban Tafo, a yi mini haƙuri, a kan wata ban bi ka ba. Maganarka ta giwa daidai ce, amma akwai dattijo mai hawan jini da yaro ɗan shekara 6 a tafiyar. A Maris da Afrilu zafin arewa kan kai digiri 40, kuma lokacin ne sanƙarau ke yawo a yankin. Ni na fi son tsakiyar Disamba zuwa ƙarshen Janairu: safiya da sanyi, sauro ya ragu, giwaye sun fara saukowa tafki. Abin da za a rasa shi ne hoto mai kyau, don hazo kan dushe nesa. A riƙo rigar sanyi, a kan rufin mota da safe iskar tana ratsa ƙashi, da man kaɗe saboda tsagewar leɓe da ƙafa.

Ƙanena, Baba da ƙaramin yaron su bi mota, kada su yi tafiyar ƙafa. Yaro ba ya iya yin shiru awa biyu, kuma in ya firgita gudu zai yi. Baba kuma hawan tudun nan ne matsalar. In hawa rufin motar zai yi masa wuya, a nema masa kujera a ciki. Ya zo da maganinsa na kwanakin tafiya da ƙarin na kwana uku, a jakar hannu, ba a but ɗin mota inda zafi ke dafa shi ba. Wasu magungunan hawan jini suna sa yawan fitsari, ga gumi, sai jini ya sauka mutum ya ji jiri in ya miƙe. Ya riƙa shan ruwa, ya riƙa tashi a hankali, kada ya daina maganin da kansa.

Ruwa: ku lissafa lita 3 zuwa 4 ga kowane babba a yini. Buhun fiya wata leda 30 ne na rabin lita, lita 15 ke nan, wato ku shida kuna buƙatar fiye da buhu ɗaya kowace rana. Ku saya a Damongo. Da hunturu gumi na bushewa nan take, mutum bai san yana rasa ruwa ba sai ciwon kai ya kama shi. Fitsari in ya yi ja, ruwa ya yi ƙaranci. Ku riƙe ledojin ruwan gishiri da sukari na kemis, a haɗa da adadin ruwan da aka rubuta a jiki. In babu, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Tufafi: akwai tsando a Mole, cizonsa kamar allura, kuma baƙi da shuɗi mai duhu ne ke jawo shi. Mu mata nan ne muke kuskure, baƙar abaya da baƙin hijabi su ne mafi muni a dajin nan. A sa ruwan ƙasa, ruwan toka ko kore mai duhu-duhu, mai ɗan kauri, don yana cizo ta cikin yadi mai shara-shara, maganin sauro na shafawa kuma bai cika korarsa ba. Fari tas yana sa dabba ta hango mutum daga nesa. Maiɗakinka ta sa wando a ƙarƙashin doguwar riga, hijabin ya zama gajere, don dogo yana kama ƙaya kuma yana harɗe ƙafa wajen hawa mota. A cusa ƙafar wando cikin safa saboda kaska, da dawowa a duba bayan gwiwa, hammata da kan yara. In an ga kaska a kama ta dab da fata da hantsaki a ja a miƙe, kada a matse cikinta.

Da dare gidan sauro da maganin shafawa. Zazzaɓin cizon sauro ba ya fitowa sai bayan kwana 7 ko fiye, wato kun riga kun dawo Kumasi. Duk wanda jikinsa ya yi zafi a makonnin da suka biyo baya a yi masa gwaji, a gaya wa likita inda aka je.

Maciji ba kasafai ake haɗuwa da shi ba, amma akwai kasa da kububuwa, kuma da dare suke fitowa. Kada a fita ba tocila, a zazzage takalmi da safe. In tsautsayi ya faɗa: ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaure ƙafa da igiya. A cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutum a mota zuwa asibiti a Damongo. Dafin kububuwa hana jini daskarewa yake yi, mutum zai ce ya ji sauƙi, bayan sa'o'i dasashi ya fara zubar da jini, don haka kada a tsaya jiran alama.

Abin da ya fi cutar baƙi a zahiri gwaggon biri ne. Sun saba da mutane, suna buɗe ƙofar da ba a kulle ba, suna fizge leda daga hannun yaro don sun san abinci ke ciki. A kulle ƙofa da taga, kada yara su yi yawo da biskit a hannu, kada a ba su komai, in sun fizge a bar musu. Cizo ko yaƙushi, a wanke da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti a ranar don allurar haukan kare. Mugun dawa ma, duk da yana kiwo kamar tunkiya, haurensa na yanka, kada yaro ya bi 'ya'yansa. Tafki da rafi kuwa ba na alwala ba ne: ga kada, ga tsargiya.

Ɗan Aboabo

Na gode ƙwarai, iyayena. Mun tsayar da Janairu. Ƙanena yana tambaya ko ana kwana a cikin dajin, kuma ko za mu iya ƙarasawa Pendjari ta Benin tunda an ce can akwai zaki. Sannan ina za mu yi Juma'a?

Malamin Nima

Pendjari a ajiye ta tukuna, ɗan'uwa. Gaskiya ne can da gandun W da Arli na Burkina su ne mafakar zakunan da suka rage a yammacin Afirka, amma yankin ya faɗa cikin rikicin 'yan bindiga. A Mayun 2019 aka sace Faransawa biyu a Pendjari, aka kashe ɗan ƙasar da ke yi musu jagora, kuma tun daga nan hare-hare suka ƙaru a arewacin Benin. Ba wurin kai iyali ba ne. In kuna son ƙari a cikin Ghana, akwai dorinar ruwa a Wechiau, a kogin Black Volta ta wajen Wa, ana kallonsu daga kwalekwale, kuma rani ne lokacinsu don ruwa ya ja. Kusa da Mole kuma akwai ƙauyen Mognori, inda ake shiga kwalekwale a rafin Mole a ga tsuntsaye, mata kuma su nuna yadda ake man kaɗe. Rabin yini ya isa.

Kwana a daji ana yi, amma sai an shirya da ofishin tun da wuri, kuma da ma'aikaci mai bindiga ake kwana. Babu wuta, babu famfo, babu shago. Mutum zai ɗauki ruwansa, abincinsa, gidan sauro, tabarma ko katifar soso, bargo saboda sanyin asubahin Janairu, tocila da batir na ƙari. Abinci a rufe shi nesa da wurin kwanciya saboda kura, a kashe wutar girki da ruwa har toka ta yi sanyi, don a watan nan tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye daji. Wannan na ƙaninka ne da kai, sauran su kwana a masauki. Akwai kuma fitar dare a mota da fitila, ita ce damar ganin kura da tunku da sauran masu yawon dare, ku tambaya da kun isa. Ku nemi madubin hangen nesa ko da ɗaya ne, mai lamba 8x42 ya wadatar, don kyamarar waya ba ta kamo abin da ya wuce mita 50 da kyau.

Juma'a kuwa Larabanga ko Damongo, duk garuruwan Musulmi ne, ƙasar Gwanja ce da kakanninmu suka yi ta zuwa fataucin goro, kuma Damongo ce mazaunin Yagbonwura, babban sarkin Gwanja. Masallacin ƙasa na Larabanga, mai farin shafe da itatuwa a jikin bango, yana cikin mafiya daɗewa a Ghana. Matasa za su taso su ce za su zaga da ku. Ku tsayar da mutum ɗaya, ku yi magana a kan kuɗi kafin a fara, abin da za ku ba masallaci kuma ku ba da shi daban. Nisan tafiyarku ya wuce na kasaru nesa ba kusa ba, kuma kwana uku bai kai zaman da ke yanke ta ba. Fitar yamma tana farawa dab da La'asar ta dawo gab da Magariba, kuma ba a tsayawa salla a tsakiyar giwaye, saboda haka ku haɗa Azahar da La'asar kafin ku fita.

In kun tsara ku isa ranar Alhamis da yamma, za ku yi fitar safe ranar Juma'a, ku dawo wajen ƙarfe 9, ku karya, ku tafi Larabanga salla, ku komo ku riski ta 3:30. Asabar da safe ku ɗauki mota ta awa uku ko huɗu zuwa can ciki neman gwanki da ɓauna, Lahadi bayan Asuba ku kamo hanyar Kumasi.